Yadda Ake Shan Haɗaɗɗiyar Ƙwayar Hawan Jini Ba Tare da An Cutu Ba

Mafi yawan masu hawan jini magani ɗaya ba ya isarsu. Sai an haɗa biyu, wani ma uku, kafin jinin ya sauka inda ake so. Shi ya sa yanzu likitoci suka fi rubuta ƙwaya guda wadda tun daga kamfani aka zuba magani biyu ko uku a cikinta, domin mutum ya fi iya riƙe ƙwaya ɗaya a rana da a ce kullum ya riƙa ɓare katuna uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin waɗannan ƙwayoyi cikin jerin muhimman magungunanta a 2019, kuma a ƙa'idojin da ta fitar a 2021 ta ce an fi son a yi amfani da su idan za a haɗa magani. A 2019 ɗin ne kuma aka wallafa binciken CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, kan mutum 728. Binciken ya nuna cewa a jikin baƙar fata, haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide.

Sauƙi ne babba. Amma ƙwayar da kake gani guda ɗaya a tafin hannunka dokokin magani biyu ne a kanta, kuma yawancin matsalar da ake samu daga rashin sanin haka take tasowa.

Mataki na farko: san abin da ke cikin ƙwayar

Ɗauko kwalin ka duba. Akwai babban suna na kamfani, irin su Exforge, Twynsta, Coveram, Zestoretic ko Moduretic. Wannan ba shi ne abin riƙewa ba, don gobe mai kemis zai iya miƙo maka irinsa da wani suna daban. Abin riƙewa shi ne ƙananan sunayen da ke ƙasa, da lambobin da ke gefensu. Idan ka ga an rubuta amlodipine da valsartan, 5 mg/160 mg, ma'ana kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 5 na farko da miligiram 160 na biyu. Akwai mai 10/160, kwalinsu ya yi kama, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Magungunan da ake haɗawa daga gidaje kaɗan suke fitowa, kuma ƙarshen sunan kan nuna gidan. Amlodipine yana sassauta jijiyoyin jini su buɗe. Masu ƙarewa da "pril", kamar lisinopril, perindopril da ramipril, da masu ƙarewa da "sartan", kamar losartan, valsartan da telmisartan, suna toshe aikin wani sinadari ne da ke matse jijiyoyi, kuma suna taɓa aikin ƙoda. Hydrochlorothiazide, indapamide da chlorthalidone su ne masu sa fitsari, suna fitar da gishiri da ruwa daga jiki. Wani lokaci ba a rubuta sunan hydrochlorothiazide da manyan baƙaƙe, sai dai ka ga HCT ko H a ƙarshen sunan kamfani, ko "Co" a farkonsa. Sai masu ƙarewa da "lol", atenolol da bisoprolol, masu rage gudun bugun zuciya.

Rubuta sunayen da lambobin a takarda ka sa a aljihu, ko ka ɗauki hoton kwalin da waya. Idan mai shan maganin dattijo ne da ba ya karanta boko, wannan aikin ɗansa ne ko 'yarsa, ba na mai kemis ba.

Mataki na biyu: kwashe duk magungunan gida ka kai wa likita

Nan ne na fi so a tsaya. A ce Baba ya shekara yana shan amlodipine 10. Ya je asibiti aka ga jinin bai sauka ba, likita ya rubuta masa sabuwar ƙwaya mai amlodipine da valsartan. Niyyar likita ita ce sabuwar ta maye gurbin tsohuwar. Baba ya dawo gida, ya ga akwai sauran kati biyu na tsohon a cikin leda, ga shi da kuɗi aka saya, sai ya ci gaba da haɗawa. Yanzu amlodipine sau biyu yake sha a rana bai sani ba. Bayan mako guda ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga, yana miƙewa daga tabarma jiri na kwasarsa, iyali kuma suna cewa sabon maganin ne bai karɓe shi ba.

Hanyar kauce wa wannan ba ta da wuya. Tattara komai: na asibiti, na kemis, na gargajiya, na ƙarin jini, har wanda maƙwabci ya ba ka. Zuba a leda ka ajiye gaban likita ko mai harhaɗa magunguna, ka tambaya kai tsaye: "Likita, a cikin waɗannan wanne zan daina, wanne zan ci gaba?" Wanda aka ce a daina a raba shi da sauran tun a nan, kada ya koma cikin leda ɗaya.

Akwai haɗi guda da ba a yi: mai "pril" da mai "sartan" a tare. Suna iya raunana ƙoda su kuma tara sinadarin fotashiyam a jini. Wannan kan faru idan mutum yana ganin likitoci biyu kowa bai san abin da ɗan'uwansa ya rubuta ba.

Mataki na uku: abin da za ka faɗa kafin ka haɗiyi ta farko

Ko ba a tambaye ka ba, faɗi idan kana da ciwon ƙoda, ciwon hanta, ciwon suga, ciwon zuciya ko asma. Faɗi idan babban ɗan yatsan ƙafarka ko gwiwarka sun taɓa kumbura da azabar zafi cikin dare, don masu sa fitsari suna iya tayar da irin wannan ciwon gaɓoɓi. Faɗi idan leɓenka, harshenka ko fuskarka sun taɓa kumbura bayan shan wani magani.

Ke kuma 'yar'uwa, idan kina da juna biyu, ko kina tsammani, ko kina neman haihuwa, wannan ita ce magana ta farko da za ki faɗa. Masu "pril" da masu "sartan" suna cutar da jariri a ciki, musamman ƙodarsa, kuma ba a shan su da juna biyu. Akwai waɗanda ake bai wa masu ciki, kamar methyldopa, labetalol da nifedipine. Idan kina kan ƙwayar sai al'ada ta ɗauke, kada ki jira ranar awo. Je ki a ranar a canja miki. Kada kuma ki zauna babu magani ko ɗaya, don hawan jini da ciki shi ne ke kai wa ga jijjiga. Mai shayarwa ma ta faɗa.

Mataki na huɗu: saye da ajiya

Saya a kantin magani mai rajista, ba a tire ko bayan mota a kasuwa ba. A Najeriya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, kuma idan akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar. Karanta lambobin ƙarfi kafin ka bar kanti.

Yawancin waɗannan ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu, mota da aka rufe a rana ta wuce wannan nesa ba kusa ba. Nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga da murhu. Mai telmisartan a ciki tana jan danshi, saboda haka a bar ta cikin katinta sai lokacin sha, kada a ɓare a zuba a kwalba. Sannan a ɗaga ta sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Ƙwayoyin amlodipine kaɗan sun isa su jefa ƙaramin yaro cikin hatsari. Idan jika ya haɗiye, a tafi asibiti nan take da kwalin a hannu, ko da yana wasa garau.

Mataki na biyar: lokacin sha

Sau ɗaya a rana, a lokaci guda kullum, da ruwa, a haɗiye ta sukutum. Kada a raba ta biyu sai likita ya ce, don wasu an yi su hawa-hawa ne, kowane magani da ɓangarensa, kuma rabawa na taɓa magani biyu lokaci guda. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2022 bai sami bambanci tsakanin masu sha da safe da masu sha da dare ba ta fuskar kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, don haka lokacin da ba za ka manta ba shi ne mafi kyau. Jingina shi da abin da ba ka fashinsa, kamar bayan sallar asuba ko karin kumallo. Idan akwai mai sa fitsari a ciki, safiya ta fi, in ba haka ba ka kwana kana zaryar banɗaki.

A kwanakin farko jiri na iya zuwa, musamman wajen miƙewa. Idan ka farka, zauna bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ka tashi. Haka wajen tasowa daga sujada ko daga tsugunon alwala, a yi a hankali. Direba da mai hawa gini su fara shan ta a ranar da ba su da aiki, su ga yadda jikinsu zai karɓa.

Kada ka yanke hukunci a kwana uku. Amlodipine kan ɗauki kusan mako guda kafin ya daidaita a jini, masu "sartan" kuwa cikakken aikinsu kan kai mako huɗu.

Mataki na shida: gwajin jini da awo a gida

Idan ƙwayarka tana da "pril", "sartan" ko mai sa fitsari, ana buƙatar gwajin ƙoda da sinadaran gishirin jiki kafin farawa, a sake bayan mako ɗaya zuwa biyu ko kaɗan fiye da haka, sannan duk lokacin da aka ƙara ƙarfi, daga nan aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutane da yawa suna tsallake wannan saboda kuɗi, na kuma san kuɗin ba wasa ba ne. Sai dai fotashiyam idan ya hau ko ya faɗi sau da yawa ba ya ba da sanarwa sai ya taɓa bugun zuciya, kuma gwajin ne kaɗai ke nunawa.

Idan da hali sayi na'urar awo mai ɗauri a damtse, ta fi ta wuyan hannu. Kafin awo da rabin awa kada ka ci goro, kada ka sha kofi, shayi mai kauri ko taba. Yi fitsari, ka zauna kan kujera minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan teburi daidai da ƙirji. Ban da surutu. Auna sau biyu, tsakani minti ɗaya, da safe kafin shan magani da kuma yamma. Yi haka mako guda kafin ranar ganin likita, ka rubuta a littafi da kwanan wata. Abin da aka fi nema shi ne ƙasa da 140/90 a asibiti, wato kusan 135/85 a gida. Mai ciwon suga, ciwon ƙoda ko ciwon zuciya likita kan nemi na saman, wato lambar farko, ya sauka ƙasa da 130. Awo sau goma a rana ba ya ƙara komai sai fargaba.

Mataki na bakwai: rarrabe illolin

Wasu na damuwa ne amma ba na gaggawa ba. Kumburin idon sawu da yamma, ɗan ciwon kai da jin zafi a fuska, yawanci amlodipine ne. Kumburin dasashi ma yakan faru, don haka a kula da goge baki. Busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro wanda ya ƙi jin maganin tari, na masu "pril" ne, kuma sau da yawa canjawa zuwa mai "sartan" ke kawar da shi. Na sha jin an yi wata da watanni ana sayen maganin tari alhali tarin daga ƙwayar yake. Yawan fitsari, ɗaurewar jijiyar ƙafa da kasala kan zo daga mai sa fitsari. Raunin mazakuta ma yana iya faruwa da wasu daga ciki. Maza da yawa sukan yi shiru su jefar da maganin, alhali da sun faɗa da an canja musu. A duk waɗannan, ci gaba da sha ka koma wurin likita cikin 'yan kwanaki.

Wasu kuwa ba a kwana da su. Idan leɓe, harshe, fuska ko maƙogwaro suka kumbura, ko numfashi ya fara wuya, kada a ƙara shan ko ƙwaya ɗaya, a tafi asibiti yanzu. Wannan kumburi na masu "pril" ya fi samun baƙar fata, kuma yana iya zuwa ko bayan an shekara ana sha lafiya. Haka idan mutum ya suma, fitsari ya ragu ƙwarai, zuciya na bugawa ba bisa tsari ba, ko dattijo ya rikice yana magana ba kai. Idan awo ya kai 180/120, huta ka sake. In yana nan, a ga likita a ranar. Idan kuma tare da shi akwai ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, karkacewar baki, sarƙewar harshe ko mutuwar hannu ko ƙafa, ba a tsayawa ƙara ƙwaya ko neman tafarnuwa, mota ake nema.

Mataki na takwas: ranar gudawa, ranar zafi, watan azumi

Wannan ɓangaren ba kasafai ake bayyana shi a asibiti ba saboda layi. Idan amai ko gudawa ko zazzaɓi mai zafi suka kama ka har ba ka iya ci da sha yadda ya kamata, ruwan jikinka ya ragu. Mai sa fitsari zai ƙara fitar da wanda ya saura, mai "pril" ko "sartan" kuma zai hana ƙoda kare kanta. A irin wannan yanayi likitoci kan ce a dakatar da waɗannan biyun, a koma bayan an yi kwana ɗaya ko biyu ana ci ana sha. To amma kai ƙwayarka haɗe take, ba za ka iya cire ɗaya ka bar ɗaya ba. Saboda haka tun ranar da aka rubuta maka ita ka tambaya: "Idan gudawa ta kama ni, yaya zan yi da wannan?" Ka riƙe amsar. Idan abin ya faru, tuntuɓi ma'aikacin lafiya a ranar, ka sha ruwan gishiri da suga. Mai atenolol ko bisoprolol a cikin ƙwayarsa shi kam kada ya tsaya farat ɗaya da kansa, don zuciya na iya zabura.

Lokacin bazara, manomi da lebura da ɗan acaɓa masu yini a rana su yawaita shan ruwa, sai dai idan likita ya ƙayyade musu saboda zuciya ko ƙoda. Idan jiri ya yawaita kuma na saman awo yana sauka ƙasa da 100, a koma a duba ko za a rage ƙarfi.

Azumi kuwa, yawancin masu hawan jinin da ya daidaita suna yinsa lafiya, tunda ƙwayar sau ɗaya ce a rana. Je wurin likita tun cikin Sha'aban ku tsayar da lokaci, ko bayan buɗa-baki ko da sahur. Mai sa fitsari da sahur na iya sa ƙishirwa da jiri su tsananta da rana, don haka wasu akan mayar musu da shi bayan shan ruwa, wasu a canja musu haɗin gaba ɗaya. Wanda jininsa bai sauka ba, ko yake da ciwon ƙoda, shi maganarsa daban ce, ya ji ta bakin likita kafin ya ɗauki niyya.

Mataki na tara: abin da ba ya shiri da ita

Na gaba-gaba su ne magungunan ciwon jiki: ibuprofen, diclofenac, piroxicam da danginsu. Suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganinka, kuma idan suka haɗu da mai "pril" ko "sartan" da mai sa fitsari, ƙoda ce ke shan wuya. Matsalar ita ce mutum bai ma san yana shan su ba. Ka je kemis ka ce, "Malam, a haɗa mini na gajiya," ya ɓare ja, fari da ruwan ɗorawa ya ƙunshe maka a takarda. Da wuya a rasa ɗaya daga cikinsu a ciki. Mai hawan jini ya bar shan ƙunshin da ba shi da suna. Farasitamol ya fi aminci ga ciwon yau da kullum. Ƙaramin asfirin da likita ya rubuta don zuciya daban ne, a ci gaba da shi.

Maganin mura mai buɗe hanci, irin mai pseudoephedrine, yana ɗaga jini. Haka dexamethasone da prednisolone da wasu ke sha don ƙiba ko hasken fata. Maganin ƙarfin maza kuwa sauke jini yake yi, ya haɗu da naka ya yi yawa, kuma an sha gano sildenafil, sinadarin irin wannan magani, a ɓoye cikin waɗanda ake tallatawa da sunan na gargajiya.

Gishiri yana karya aikin ƙwayar. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen ɗanɗano, yajin tsire, kilishi, taliyar leda da kanwa, wadda ita ma cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini ne, fotashiyam aka sa a ciki. Mai shan "pril", "sartan" ko Moduretic, wanda ke da amiloride mai riƙe fotashiyam a jiki, kada ya fara amfani da shi sai ya tambaya. Zoɓo yana ɗan sauke jini, gaskiya ne, amma ba ya maye gurbin ƙwaya, kuma mai shansa kullum da yawa ya sanar da likita. Idan za a yi maka tiyata ko hoton da ake allurar ruwa kafin ɗauka, nuna musu takardar nan da ke aljihunka.

Mataki na goma: mantuwa, ƙarewa da dainawa

Ka manta da safe ka tuna da azahar, sha. Ba ka tuna ba sai washegari, sha ta ranar kawai, kada ka haɗa biyu. Idan ka yi kuskuren shan biyu, zauna, auna jininka, kada ka tuƙa mota, ka kira ma'aikacin lafiya. In jiri ya yi ƙarfi ko ka sha fiye da haka, asibiti.

Awo ya yi kyau ba yana nufin an warke ba. Ƙwayar ce ke riƙe da jinin kamar yadda madatsa ke riƙe ruwa, ana janye ta zai dawo, kuma a nan magani biyu ka janye lokaci guda. Masu cewa sai sun ji ciwon kai suke sha suna wasa da ransu, don hawan jini mafi yawan lokaci ba ya ciwo.

Sayi sabon kwali tun da sauran na mako guda. Mai tafiya Hajji, Umara ko fatauci ya ɗauki abin da zai ishe shi har da ƙari, a jakar hannu, cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Idan kuɗi ya yi wuya ko an nemi irin taka an rasa, kada ka koma shan ta yau a tsallake gobe don ta daɗe. Faɗa wa likita ko mai harhaɗa magunguna gaskiyar aljihunka. Sau da yawa akwai ta wani kamfani mai rahusa da sinadarai iri ɗaya, ko a ba ka magungunan biyu a rarrabe, amlodipine 5 daban, valsartan 160 daban, ka haɗiye su tare a lokacin da ka saba. Ranar da haɗaɗɗiyar ta samu kuma, sai a ajiye rarrabun gaba ɗaya kafin a koma kanta.